Antiren da Aka Rubuta da Sunana

Sun toshe tagar nan ta tsohon bariki da bulo da siminti. Na gani da idona ran kasuwa, ina kan hanyar komawa gida. Na tsaya na dogara da sandata ina kallon magina har suka shafe wurin, kamar ba a taɓa yin taga a bangon ba. Na tambayi ɗaya daga cikinsu dalili, ya ce ai yanzu ba mai zuwa karɓar antire a taga, kuɗin tsofaffin ma'aikata cikin salula suke shigowa, ta yi ɗan ƙara a aljihu, shi ke nan. Ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Ni ban yi dariya ba. Shekaru masu yawa a bakin wannan taga ake kiran sunana da na mahaifina da ƙarfi, duk wata uku, wani mutum dabam ya amsa, ya miƙa hannu ya karɓa.

Lokacin da nake saurayi Dakoro ba ta wuce a zagaya ta kafin fura ta daku ba. Ƙahon bariki ke tashe mu da safe, bayansa sai lugude daga kowane gida, sai kukan gwangwani da igiya a bakin rijiya. Rijiyoyinmu masu zurfi ne, sai da takarkari ake jan guga, kuma tun daga nesa kana jin mai kora yana yi wa sa magana kamar ɗan'uwansa. Aikina na safe shi ne in shayar da jakunan mahaifina, in sharo garke, in kai hatsi bakin inuwa inda yake awo. Da rana a yi faskare, da la'asar a tafi ciyawa. Ba a san zaman banza ba, amma ba a san gaggawa ba. Baƙo in ya sauka da raƙumi sai ya kwana uku kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi. Yanzu babura sun cika gari, yaro ya wuce ka yana magana da wani da ke Maraɗi, kai da ke gabansa ko gaisuwa ba ka samu ba. Ba na cewa da ya fi yanzu a komai. Da akwai yunwa, akwai ƙyanda, akwai kurkunu, wanda jikokina ko sunansa ba su sani ba. Amma da ina da ƙafafu, kuma ina ganin duk abin da ke gaba nawa ne.

Mu biyu muka tashi tare, ni da Shaibu ɗan gwaggona, ƙanwar mahaifina. Tobasai ne mu, muna zagin juna muna dariya, akushi ɗaya, tabarma ɗaya. Ya fi ni tsawo da fara'a, ni kuma na fi shi sanin daji. Mahaifiyata ƴar makiyaya ce daga arewa, wajen Bader Gula, kuma duk damina can ake tura ni wurin kawunnena. Can na koyi hawan raƙumi, na iya Buzanci da Fulatanci, na san kowace rijiya da kowane tabki da sunan mai shi. Saboda haka ne da kumandan na bariki ya nemi wanda zai riƙa yi masa jagora in zai fita rangadi arewa, maigari ya nuna ni. Damina uku da rani uku ina gaban raƙuminsa. Ni ke faɗa masa inda za a sami ruwa, ni ke juya maganarsa zuwa ga ardo ko shugaban Buzaye in tafinta ya rasa bakin zaren, ni ke sanin rugar da ta tashi don gudun lanho, wato haraji, da wadda ta tashi don neman ciyawa, kuma sau da yawa na rufa wa ta farkon asiri. In mun dawo a ba ni ladan kwanakin da muka yi, a sallame ni sai wani jiƙon.

Komi, wato magatakardan bariki, wani mutumin Damagaram ne mai son hira. Shi ya fara buɗe mini ido a kan dokar Nasara, wata rana muna shan inuwa a bayan biro, wato ofishinsu. Ya ce can Faransa aka zauna aka tsara yadda za a mallaki garuruwa irin namu, daga wanda zai yanke shari'a har wanda zai riƙe makullin kaso, gidan yari ke nan, kuma aka tsara abin da kowa zai ci in ya tsufa. Ya ce a wurin dokar nan mutane iri biyu ne kawai, wanda aka rubuta a babban littafi da wanda ba a rubuta ba. Wanda aka rubuta, kowace shekara da ya yi tana taruwa, in ƙarfinsa ya ƙare a sallame shi da antire, a riƙa biyansa yana zaune a ƙofar gida har ya mutu, matarsa ma ta ci gaba da samun rabo. Wanda ba a rubuta ba, ko ya mutu a kan aiki, ɗan rana ne, ladansa ya ƙare da faɗuwar rana. Ya rage murya ya ce shi kumandan, shekarar da ya yi a ƙasar zafi ba a lissafa masa ita daidai da ta gida, ƙari ake yi masa, don a ganinsu ya sha wuya. Na tuna ni ke tafiya a ƙasa shi yana bisa, ni ke shan ruwan tabki shi ana tace masa nasa. Tun ranar nan na ƙudura a raina sai an rubuta ni.

Allah ya kawo hanya a shekara ta huɗu. Wani tsohon gardi, ɗan sandan bariki, ya ajiye aiki, gurbi ya buɗe, kumandan da bakinsa ya ce ni yake so. Komi ya rubuta sunana da na mahaifina da garinmu, aka aika takarda, ta dawo da amincewa. Saura kawai ranar da likita zai zo daga Maraɗi ya duba mutum, a ɗauki hoto, a dangwala yatsa, a ba da kaya. Mahaifiyata ta yi ta raba goro a unguwa. Ni kuwa na riƙa gwada tafiyar gardi a bayan gida, Shaibu yana yi mini tsiya, yana cewa jar hula ba za ta zauna a kan nan nawa mai kama da tulu ba.

Saura kwana goma sai idon sawuna na dama ya yi ƙuna kamar an ɗora garwashi. Bororo ya fito, ya fashe, farin kan kurkunu ya leƙo. Ruwan tabkunan da na sha bara a rangadi ne ya biyo ni. Wanda bai yi kurkunu ba ba zai gane ba. Tsutsa ce doguwa kamar zare, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya, in aka ja da ƙarfi ta tsinke ƙafa ta ruɓe. Tawa ta kumbura har gwiwa. Ranar da likita ya iso na yi ƙoƙarin miƙewa sau uku ina faɗuwa. Aka ce a ɗora ni kan jaki, mahaifina ya ce likitan Nasara in ya ga ƙafar nan zai soke sunan gaba ɗaya, gara a nemi a ɗaga rana. Na kira Shaibu.

Na ce, "Tobashi, tahi bariki ka gaya wa komi halin da nike ciki. Ka ce a yi mini haƙuri wata guda."

Ya ce, "Kwanta abinka, ɗan tulu. Yanzu ka gan ni na dawo."

Bai dawo ba sai bayan la'asar. Ina kwance a rumfa ina korar ƙudaje daga ƙafa, sai na ji yara suna sowa a waje, na ji takun takalmi mai nauyi, irin wanda ba kowa ke da shi ba a garin. Ya shigo da kakin gardi, da ɗamara mai faɗi, da jar hula a kai. Har yau ina jin warin sabon yadin nan. Ya tsuguna nesa da ni kaɗan, bai kalli idona ba.

Na ce, "Mi ke nan?"

Ya ce, "Komi ya kira sunanka sau uku ba wanda ya amsa. Na matsa in yi bayani, likita ya ce shi ba ya da lokaci, motarsa za ta juya. Kumandan ba ya nan, mataimakinsa sabon zuwa ne, bai san fuskarka ba. Mataimakin ya ce in ba mai sunan, a ba wani daga Madawa gurbin. Komi ya ƙyafta mini ido. Sai na amsa."

"Ka amsa sunana?"

"Don in riƙe maka ne. Wallahi don in riƙe maka. Ƙafa na warkewa in tuɓe in ba ka."

Na yarda da shi. Har na yi masa godiya. Wata biyu na yi a kwance, kowace safiya ina jin ƙahon bariki na san yana can a sahu, yana amsa sunana. Da tsutsar ta fita na fara takawa da sanda, na je wurin komi. Ya ja ni bayan biro, wurin da muke hira da, amma wannan karon bai zauna ba. Ya ce hoto da yatsa sun riga sun tafi Yamai, sun shiga babban littafi, kuma littafin nan ba a kankare shi. In aka ta da maganar, ya ce, Shaibu zai shiga kaso don ya yaudari hukuma, shi komi a kore shi, ni kuma ba za a ɗauke ni ba, tunda sunana ya ɓaci. Na ce bari kumandan ya dawo. Ya ce kumandan an yi masa canji, daga hutu ba zai komo Dakoro ba.

Na kai ƙara wurin mahaifina. Yana zaune a kan buzu yana ɗinkin bakin buhu, gwaggo tana gefe tana kuka, don ta riga ni zuwa. Ya saurare ni har na gama, bai ɗaga kai ba. Sannan ya ce, "Abin da ya shiga ɗakin ƙanwata bai bar gidanmu ba. Kana so in kai ɗanta kaso da hannuna? Ka bar maganar nan, kada in sake jin ta." A zamaninmu in uba ya faɗi haka, an rufe. Na tashi na koma ga jakuna.

Ba a daɗe ba Nasara suka tattara suka tafi, aka sauke tutarsu aka ɗaga tamu. Na yi murna a ɓoye, na ce to, littafinsu ya bi su, mun zama ɗaya da Shaibu. Ashe sabuwar gwamnati ta gaji littafin da duk shekarun da ke ciki. Launin hula kawai aka canza masa. Da aka zo yi wa mutane takardar shaidar ɗan ƙasa, mai rubutu ya ce akwai wani mai sunana da sunan ubana a garin nan, ba za a yi biyu ba. Sai na ba da laƙabin da kakata ta sa mini ina jariri. Da shi nake yawo har yau, da shi na yi zaɓe, da shi aka rubuta ƴaƴana.

Na kama fataucin hatsi kamar mahaifina. In saya a Sabon Maci da Kornaka, in kai Maraɗi, wani lokaci har in ƙetara iyaka. Ban yi talaucin da za a nuna ni da baki ba, amma arzikin ɗan kasuwa da ruwan sama yake tafiya. Shi kuwa Shaibu ko an yi ruwa ko ba a yi ba, ƙarshen wata na zuwa. Shi ya fara rufin kwano a unguwarmu, kuma in ana ruwa daga ɗakina nake jin ƙararsa. Shi ya fara keke, shi ya fara rediyo, maza su taru a ƙofar gidansa suna sauraren labarai, ni in wuce kamar ina da uzuri. Ƴaƴansa suka shiga lakwal, makarantar boko, da takalma. Shekarar babban fari, da dabbobin kawunnena suka ƙare, rumbuna ya zama fanko, sai ga buhun gero a kan amalanke an sauke a ƙofar gidana, an ce daga Shaibu. Matata ta yi ta sa masa albarka. Na ci tuwon geron nan don ba yadda zan yi, amma kowace loma sai na ce a raina, nawa ne aka ɗebo aka ba ni sadaka. Na san wannan ba halin kirki ba ne. Na yi istigfari a kansa ba sau ɗaya ba. Bai fita ba.

Da ya ajiye aiki abin ya fi ciwo. Lokacin yana kaki, ina iya ce wa kaina ai yana shan rana, yana bin ɓarayin shanu, mutane na tsine masa a bayan ido. Amma antire, zama ne kawai. Ranar biya tsofaffi su yi wanka su sa manyan riguna, su jeru a inuwar bariki da littattafansu a hannu. Rumfata tana kallon wurin, ba yadda zan kauce. Mai kira ya leƙo ta taga ya ɗaga murya, sunana, ɗan wane, sai Shaibu ya miƙe a hankali yana gyara hula. Sau da yawa bakina ya buɗe zai amsa kafin in kama kaina. Da kuɗin nan ya je Makka. Na raka shi tasha, na tarye shi da ya dawo, ya ba ni tasbaha da dabino, muka rungumi juna, mutane suna cewa ba a taɓa ganin tobasai masu zumunci kamarmu ba.

Sau ɗaya tak na tambaye shi, kuma sai da muka tsufa duka, haƙora sun zube. Muna zaune da hantsi a ƙofar gidansa, ba kowa, yana fama da tari.

Na ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah. Ranar nan, ka yi niyyar maido mini?"

Na zaci zai yi mini wasan tobasai ya share maganar. Sai ya ce, "Ranar farko na yi niyya. Da gaske na yi. Kashegari aka aike ni kasuwa da kayan nan a jikina, na ga dattawan da ke aikena sayen goro sun matsa sun ba ni hanya. Kafin in kai bakin mahauta na san ba ni tuɓewa. Da komi ya ce ba ta yiwuwa, daɗi na ji."

Na ce, "To."

Ya ce, "Ka yafe mini?"

Na ce, "Na yafe," don abin da ake faɗa ke nan, kuma ina tsoron Allah. Amma da na tashi zan tafi, na lura har takalmin da ke ƙafarsa ya fi nawa.

Ya rasu a daminar da ta wuce. Ni na tsaya a kan wankansa, ni na shiga kabari na karɓe shi. Liman ya yi masa addu'a da sunansa na yanka, Shaibu, kamar yadda kowa ya san shi a gari. Bayan an share makoki sai matarsa Hajiya Zali ta aiko a kira ni. Tsohuwa ce yanzu, ido ɗaya ya tafi, tana riƙe da jikoki marayu uku. Ta san labarin tun tana amarya, ba mu taɓa yin zancensa da ita ba.

Ta ce, "Malam, an ce kafin a ci gaba da ba ni rabona na antire, sai an kawo shaidu biyu tsofaffi da suka san mai littafin, su ce shi ne ya rasu. Ɗaya ya samu. Duk sauran sa'o'inku sun tafi."

Na ce, "Hajiya, kin san sunan da ke cikin littafin nan."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa ban aiko yaro da saƙo ba, na ce ka zo in roƙe ka da bakina."

Na ce ta ba ni kwana biyu. Ba zan ɓoye ba, a kwana biyun nan na yi tunanin abin da bai kamata ba. Komi ya mutu, mahaifina ya mutu, gwaggo ta mutu, ba sauran wanda zai shiga kaso. Na ce in je in tsaya a gaban hukuma in ce ga mai sunan nan da ransa, ko ba a ba ni ko dala ba, a dai ji sau ɗaya. Na san abin da zai biyo baya, za a rufe littafin, tukunyar Hajiya ta sauka. Duk da haka sai da na ji daɗin tunanin, na juya shi a raina kamar mai tsotsar alewa.

Rana ta uku muka tafi tare a cikin amalanken jikanta. Biron sabo ne, da fanka, da wani ma'aikaci da bai kai jikana na fari ba, yana zaune a bayan na'ura. Ya gaishe mu da ladabi, ya karanta takardar. Ya faɗi sunana, ɗan wane, haifaffen Dakoro.

Ya ce, "Baba, ka san wannan mutum?"

Na ce, "Na san shi."

"Tun yaushe?"

"Tun ran da aka raɗa masa suna."

"Ka tabbata ya rasu?"

Na kalli takardar, ko da yake ban iya karatun boko ba. Na ce, "Ya rasu, ɗana. Ya daɗe ma bai da lafiya."

Ya kama babban yatsana ya danna a tawada, ya danna a takarda. Karo na farko ke nan da yatsana ya hau takarda ɗaya da sunana. Yana miƙo mini tsumma in goge, sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, kai ma ka ga zamanin Nasara ke nan. Wane aiki ka yi musu?"

Na goge yatsan sosai, na miƙa masa tsummansa. Na ce, "Ni ban yi musu komai ba. Jakuna nike kora."